Kira ga masu manyan motocin Damagaram zuwa Yamai

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni fili in yi magana da kamfanonin manyan motocin da ke jigila tsakanin Damagaram da Yamai. Tsohon malamin makaranta ne ni, mai ciwon sukari, ina allurar insulin safe da dare. Da na ajiye aiki na ƙudurta in zaga ƙasata ni kaɗai, duk da kullum 'ya'yana na cewa, "Baba, ka yi zamanka."

Bana gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai na je gani, wanda aka kafa a 1959. Na tsaya gaban ƙasusuwan dinozor da aka tono a yankin Agadas, da ragowar Iccen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta kayar da shi a 1973. Na daɗe ina zana iccen nan a allo, sai ga shi ɗan siriri, bai kai yadda nake zana shi ba.

Wahalar a hanya take. Tafiya ce ta kusan kilomita 900, a tashi da asuba a isa da dare, mai allura kuwa dole ya ci abinci kan lokaci. Yaron mota ya tabbatar mini za a tsaya Tasawa a karya kumallo, na yi allurata, direba ya wuce bai ko rage gudu ba. Kafin Gazawa hannuna na rawa, gumi mai sanyi ya jiƙe mini riga. Baiwar Allah da ke gefena har ta fara mini tofi, na nuna mata aljihuna ta ciro dabino. Shi ya dawo da ni hayyacina.

Ga fitsari. Dattijo ya roƙi a tsaya, rabin mota na tsaki.

Ga kuma zafi, a Afrilu yana wuce digiri 40, insulin kuwa ba ya jure haka. A gida, in wuta ta ɗauke, jikin randa nake ajiye kwalbar. A mota sai jiƙaƙƙen tsumma.

Ba rangwame nake roƙo ba. A rubuta garuruwan tsayawa a jikin tikiti, direba kuma ya cika alkawari. A ajiye kula mai ƙanƙara don maganin fasinjoji, a bar wa irinmu kujerun kusa da ƙofa. In hunturu ya kama ina da niyyar ganin hasumiyar masallacin Agadas, kuma kamfanin da ya yi waɗannan zan shiga.

Wani tsohon malami,
Unguwar Birni, Damagaram