Godiya ga shagon maganin dabbobin da sunka tsaya sunka saurare ni kan 'yan kajina

Assalamu alaikum warahmatullah. Wagga takarda tawa zuwa ga ma'aikatan shagon maganin dabbobi da abincin kaji ne da ke kusa da babbar kasuwar Birnin Kebbi, musamman matashin likitan nan da ke zama wurin da yamma. Na yi maku godiya baki da baki amma zuciyata ba ta kwanta ba, na ga gara in rubuta kowa ya gani, don wallahi rabon da in shiga shago a ɗauke ni mutum alhali 'yan kuɗin hannuna ba su taka kara sun karya ba, an daɗe.

Ni malamar firamare ce, ina zaune Badariya, kiwon kaji kuma tun muna ƙauye wajen Kalgo na tashi na iske mahaifiyata na yi. Ba gona gare ni ba, bayan ɗaki ne da akurki biyu, amma da kajin nan nake sayen littafan yara, da su nake fita kunyar baƙi, in salla ta zo in saida zakaru in yi ɗinki. Hunturun da ya wuce ina da kaji 34. Sai na ga wani jan zakara a wata kasuwar ƙauye ya burge ni, na saye, ina isowa gida na sake shi cikinsu a ranar. Ba a yi sati ba kaji sunka fara sakin fukafukai, kashinsu kore-kore, suna buɗe baki suna jan numfashi, wasu wuyansu ya murɗe har kai ya koma baya. Kullum da asuba in na buɗe akurki sai in kwashe uku, huɗu. Ƙaramar ɗiyata tana da wata wake-wake da ta ce tata ce, ranar da ta mutu yarinyar nan ko karin kumallo ba ta yi ba.

Shago uku na shiga a satin nan, ba zan faɗi sunan kowa ba. Na farko ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya miƙo mani kafso ja da rawaya ya ce in farke in zuba a ruwa. Na biyu ya auna mani wani gari a leda, babu suna babu kwanan wata. Na uku shi ya fi ci mani rai daga baya da na gane, allurar rigakafi ya jawo daga durowa, kwalbar da ɗuminta, ya ƙulla mani a leda ya ce in ba marasa lafiyar. Babu wanda ya tambaye ni ko kaji nawa ne, ko yaushe abin ya fara. Kaji 27 sunka mutu, bakwai sunka rage.

To don in maida asara da wuri sai na ɗauki kuɗin adashina na sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai 64 wurin wani da anka haɗa mu ta waya, shi ya kawo mani ƙwan ma ya ce na Noila ne, wani irin kajin zamani, masu zakara. Na wanke su tas don na ga da datti, na jera 60, na aje injin a sito mai rufin kwano don kada yara su taɓa, kuma wanga duk cikin bazara ne, kowa ya san yadda Birnin Kebbi take a watan Afrilu. Kwana 21 sunka cika, huɗu kawai sunka fito, biyu ma ba su kwana biyu ba. Sauran duk baragurbi, warin da ya tashi ranar da na kwashe su har maƙwabta sai da sunka ji. Na kira mutumin ya ce ke ce ba ki iya ba, ya sake kawo mani 50 da kuɗina, daga nan kuma ya daina ɗaukar wayata.

Haka na shigo shagonku raina a ɓace, niyyata in sayi bitamin in kuma ji kuɗin babban inji, don a tunanina ƙanƙantar nawa ce matsalar. Yaron nan likita ya dube ni ya ce Mama zauna tukuna, ya jawo mani benci ya kawo ruwa. Sannan ya fara tambaya. Ina kika samo ƙwan, kwana nawa sunka yi kafin ki sa su, kin wanke su, wane ɗaki injin yake, kina zuba ruwa a ƙasansa, sau nawa kike buɗewa a rana, in an ɗauke wuta ya kike yi. Ga mutane na jira, ya sa abokin aikinsa ya sallame su shi kuma yana nan tare da ni. Da na gama sai ya ce, "Mama, yau ba ni sayar maki da komi. In na ba ki babban inji yanzu, asarar ce za ta ƙara girma." Na yi shiru ina kallonsa, don ni ban taɓa jin mai shago ya ƙi kuɗin da anka kawo mashi har gaban tebur ba.

Ranar Asabar bayan magariba ya zo kan mashin ɗinsa, ya yi sallama da maigida a zaure sunka shigo tare. Ƙwan na biyu suna da kwana tara a lokacin. Ya ce a kashe fitila, ya ciro ƙaramar tocila ya ɗora ƙwai a bakinta ya ce Mama matso ki gani da idonki. Na farko fayau yake, haske ya ratsa shi kamar kwalba, ya ce wanga babu zakara a kansa, ko shekara ya yi a inji ba ya zama komi. Na biyu wani jan zobe ne ya zagaye cikinsa, ya ce wanga ya fara sai ya mutu. Sai ya ɗaga wani, na ga jijiyoyi jajaye sun bazu kamar saiwar ciyawa, da wani ɗan baƙin ɗigo a tsakiya yana motsi a hankali. Tsigar jikina ta tashi, na ce Allahu akbar. Shekara nawa ina ganin kaza na kwanci ban taɓa sanin ana iya leƙa abin da ke ciki ba. Ɗaya bayan ɗaya ya bi duka 50, 11 kawai ke da rai, fiye da rabi kuwa tun asali babu zakara a kansu.

Ya bar mani ma'aunin zafinsa ko sisi bai karɓa ba, ya ce in sa shi cikin injin in duba da azahar in kira shi. Washegari na duba, digiri 41. Shi ne ya yi mani bayanin da har gobe ba ni mantawa, wai ƙwan kaza digiri 37.5 zuwa kamar 37.8 yake so, kuma irin wanga inji ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba, in ɗakin da yake ciki ya fi ƙarfinsa zafi to dafa 'yan tsakin ake yi tun suna cikin ɓawo. Munka maida shi tsohon ɗakin ƙasa da surukata ta zauna ciki, can ne ya fi sanyi a gidan. Ya nuna mani inda ake zuba ruwa don laima, ya ce kada in ƙara wanke ƙwai saboda akwai wani lulluɓi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, wanki na cire shi, mai datti sosai a bar shi a ci kawai. Ƙwan da za a sa kada ya wuce sati ɗaya da sakawa, a aje shi wuri mai sanyi tsininsa na kallon ƙasa. Maganar ɗauke wuta kuma ya ce in nemi batir mai volt 12 tunda injin na karɓa, kafin nan in an ɗauke in rufe shi da bargo in daina buɗewa. Cikin 11 ɗin nan shida sunka fito.

Karo na uku shi ya haɗa ni da wata baiwar Allah a Gesse mai kiwon Noila da zakarunta a gida, na ga kajin da idona kafin in saya, na haɗa da na kajina bakwai ɗin nan, ƙwai 42. Kowane na yi mashi alama da fensir gefe da gefe don in san na juya, sau uku a rana, har ƙararrawa na sa a waya. Ran kwana 18 ya turo mani saƙo da kansa, Mama yau a daina juyi, a ƙara ruwa, kada a sake buɗewa. Ban tuna mashi ba, shi ya riƙe lissafin.

Daren kwana 20 ban yi barci ba. Na kara kunnena jikin injin na ji kukan tsako siriri daga cikin ƙwan da ko fashewa bai yi ba, can sai ga wani ya huda, ɗan bakinsa ya leƙo yana motsi. Awa ta wuce, biyu, uku, bai ƙara ko kaɗan ba, tausayi ya kama ni na ce bari in ɓare mashi. Allah ya sa na fara kiran yaron, ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, ya ɗauka. Ya ce, "Mama don Allah kada ki taɓa shi, hutawa yake, bai gama shanye gwaiduwar ba kuma jijiyoyin na da jini, yana iya kai kwana guda a haka. In kika buɗe ma laimar ta fita, sauran sai su bushe su manne." Na ce to ɗana na ji. Na koma na zauna kan tabarma da tazbi a hannu. Ana kiran assalatu ya tura ɓawon ya faɗo a jiƙe sharkaf kamar ba ya rayuwa, kafin hantsi ya bushe ya miƙe yana taka 'yan uwansa. Zuwa daren kwana 21 ina da tsaki 33. Ɗiyata ita ta ƙirga su sau uku.

Renon bai ba ni wahala ba, ɓuntun shinkafa na shimfiɗa masu tunda shi ba ya wuya a garin nan, da kaskon gawayi da dare, in sun cunkushe wuri ɗaya sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa.

Amma wurin rigakafi ne na ƙara ganin bambancinku da waɗancan. Firjinku na kan sola, kuma ranar da na zo babu fulas ba ku ba ni allurar a leda ba, ara mani naku kunka yi da ƙanƙara a ciki. A nan na ji cewa abin da ya kashe mani kaji cutar da likitoci ke kira Niyukasil ce, wadda ta fi ɓarna da hunturu, kuma babu kafson da ke warkar da ita, rigakafi kawai ake yi tun kaji na da lafiya, a riƙa maimaitawa kamar duk wata uku. Wadda kunka ba ni ta cibiyar binciken lafiyar dabbobi ce da ke Vom a jihar Filato, ya nuna mani rubutun da ranar ƙarewarta a jikin kwalbar. Ya ce a hana su ruwa na ɗan lokaci da safe don su ji ƙishi, a haɗa da ruwan rijiya ba na famfo mai magani ba, su shanye cikin awa ɗaya zuwa biyu, abin da ya saura a binne. Rigakafin Gumboro kuma, wata cuta mai kama 'yan tsaki, tsakin sunka samu da sunka kai wajen sati biyu. Sabuwar kaza daga kasuwa a killace ta sati biyu kafin ta shiga cikin sauran, da na san wanga tun farko da jan zakaran nan bai ƙarar mani da akurki ba.

Kuma bai raina kajin Hausa ba, abin da ya ƙara mani ganin girmansa ke nan. Shi mai saida kayan zamani shi ke ce mani Mama duk kazar da ta nemi kwanci ki sa mata ƙwai 10 zuwa 12, ita ba ruwanta da wuta ko batir, ita ke juyinta ita ke renonta, Noila ne ba su cika kwanci ba. Yanzu da damina ta sauka zabi suna saka, na sa wa ɗaya daga cikin kajina ƙwan zabi kamar yadda mahaifiyata ke yi, su sai wajen kwana 28.

Abin da ke damuna shi ne mata nawa ne irina a Kalgo da Jega da Ambursa da ƙauyukan da babu mai zuwa, waɗanda kaza goma ita ce jarinsu, duk hunturu ta zo ta share kuma sai a ce iska ce, a haƙura. Kowa ya samu ɗan kuɗi sai ya buɗe shagon maganin dabbobi, babu firji babu sani, a saida wa mutum allurar da rana ta riga ta kashe ya tafi yana ganin ya yi rigakafi. A kawo tsaki daga kudu sun kwana a mota sun galabaita, a ce maka mata ne, ka yi wata biyu kana ciyarwa su fara cara. Masu inji a waya kuma da kuɗi sun shiga shi ke nan. Wa ke duba waɗanga mutane? Talaka bai da inda zai kai ƙara kan kaza, kunya ma yake ji ya ce kaza ce ta sa shi kuka, alhali kuɗin makarantar ɗansa ne ya mutu a akurki.

Allah ya saka maku da alheri, ya yi wa kasuwarku albarka, shi kuma yaron nan Allah ya ji ƙan mahaifansa ya ba shi mace ta gari. Ma'aunin zafinku na nan wurina, ranar Asabar in sha Allahu zan maido shi, kuma zan zo da maƙwabtana mata huɗu, tunda kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya mun shirya mu haɗa kuɗi mu yi wa kajin layinmu rigakafi rana ɗaya kafin sanyi ya shigo. Fulas ɗinmu za mu zo da shi wanga karon.

Taku,
wata malamar firamare daga Badariya, Birnin Kebbi