Filin Jirgin Filton da Ƙauyen da Aka Rushe

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman ɗan fili a jaridarka in yi magana kan tsohon filin jirgin sama na Filton, a arewacin Bristol ta Ingila, inda nake zaune. A 1910 Sir George White ya kafa kamfanin ƙera jirage a nan, wanda daga baya aka sani da Bristol Aeroplane Company. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun ƙera ƙaton jirgin Brabazon, titin tashi ya yi masa kaɗan, sai aka rushe ƙauyen Charlton ɗungurungum don a tsawaita titin. Jirgin ya tashi a 1949, amma babu kamfanin da ya saye shi. Wannan abu yana taɓa zuciyata matuƙa: iyalai sun rasa muhallinsu saboda jirgin da bai taɓa shiga aikin jigilar fasinja ba.

Concorde na Birtaniya, jirgin fasinjan da ya fi sauti gudu, daga nan ya fara tashi a 1969, na ƙarshe kuma nan ya sauka a Nuwamba 2003. An rufe filin a Disamba 2012.

Yanzu kamfanin YTL na Malesiya yana gina unguwa a wurin. Na yi murna, don hayar gida a Bristol ta yi tsada ainun. Na kai yarana gidan tarihin Aerospace Bristol. Autana ya tsaya ƙarƙashin hancin Concorde, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Jirage sun sami gidansu. Roƙona a kafa allo a daidai inda Charlton take, ɗauke da labarin mutanen da aka tasa.

Naka,
Wani mai karatu daga Bristol