Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu ta Aikin Gayya da Kula da Muhalli, Zariya, Shekarar 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙungiya, Malam Shugaba, 'yan kwamiti, da sauran 'yan uwa maza da mata na rassanmu na cikin Birni, Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru, ga bayanin abin da muka yi daga Janairu zuwa Disamba, kamar yadda aka ɗora wa ofishin sakatare. Lissafin kuɗi yana hannun Ma'aji, shi zai karanta da bakinsa ranar taro, don haka ba zan shiga gonarsa ba sai inda ya zama dole.

Kafin komai muna sake yi wa juna ta'aziyyar Baba, ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya, wanda a zaurensa muke ajiye shebur da baro tun farkon kafuwarmu, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. Iyalansa sun ce kayan su ci gaba da zama inda suke.

Bishiyoyi

Shekara da shekaru, in aka zo rahoto, adadin da muka dasa muke faɗa, a yi tafi, a watse. Bana kwamiti ya ce a'a, a je a dubo waɗanda suka rayu. Saboda haka a ƙarshen Afrilu, bayan bazara ta gama gasa gari, muka bi sawun dashen 2024 ɗaya bayan ɗaya da littafi a hannu.

Abin da muka tarar bai yi mana daɗi ba. Waɗanda muka jera a bakin titi, waɗanda hotunansu suka fi yawo a WhatsApp, kusan duk sun tafi. Wasu awaki sun cinye, wasu gara, wasu kuma an zare kejin da muka yi musu an tafi da shi, Allah kaɗai ya san tukunyar wa ya dafa. A wani layi rami kawai muka gani, an cika shi da shara. Azumi ma ya faɗo a watan Maris, daidai lokacin da zafi ke shigowa, sai jadawalin ban ruwa da muka tsara ya watse tun a goman farko. Ban ga laifin kowa ba. Mutumin da ke azumi, ya taso daga kasuwa ko ofis, ka ce ya ɗauki jarka biyu ya tafi wata unguwa, ka san ba abu ne mai ɗorewa ba.

Amma ga inda abin ya ba mu sha'awa. Duk bishiyar da muka dasa a ƙofar gidan wani, muka kira shi muka ce Baba wannan taka ce, galibi mun same ta a raye. Wani dattijo a wajen Ƙofar Kuyambana ya kewaye darbejiyarsa da bulo huɗu da ƙaya, yana zuba mata toka saboda gara, har ya hana jikokinsa ɗaure tunkiya kusa da ita. Na bakin masallatai sun fi kowanne kyau, dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: ruwan alwala sau biyar a rana. Inda ladan ya yarda aka ja 'yar kwata daga wurin alwala zuwa gindin bishiya, babu wanda ya sake ɗaukar bokiti. Na makarantun da aka damƙa wa aji guda, aka rubuta sunan ajin a jikin kejin, su ma sun tsira, sai dai waɗanda dogon hutu ya ci.

Daga nan muka sauya tsari. Bana ba mu dasa ko guda ɗaya ba sai da mai ita. Sai mutum ya amsa da bakinsa, a gaban mai unguwa ko limami, an rubuta sunansa, sannan a haƙa rami. Wannan ya sa adadin dashen bana bai kai rabin na bara ba, kuma na san wasu 'yan uwa, musamman matasan Samaru, sun ji haushi, suna ganin ƙungiya ta ja baya. Ina roƙonsu su yi haƙuri har Afrilu mai zuwa, mu sake fita da littafin.

Mun kuma daina gaggawar dashe da ruwan farko. Ranar Muhalli ta Duniya, 5 ga Yuni, bana ta zo ranar Arfa, washegari Babbar Sallah, kowa hankalinsa na kan rago, sai muka bar ta ta wuce. Alheri ne ya zama. Mun yi dashenmu a Yuli, bayan damina ta zauna ƙasa ta jiƙu sosai. Wasu mambobinmu da ke aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun daɗe suna faɗa mana haka, mu ne dai ba mu ji ba.

Game da iri, darbejiya ce ta fi yawa saboda juriyarta, sai mangwaro da gwaiba ga masu fili a cikin gida, sai zogale ga mata. Wani mai sayar da dashe ya haɗa mu da mangwaron da ya rantse mai aure ne, da muka nuna wa waɗanda suka san abin suka ce ko kusa. Mun mayar masa da rabi, sauran mun yi asara. Daga yanzu ba a sayen dashe sai da wanda ya san aikin a wurin.

Sai rimi. Duk wanda ya tashi a Zazzau ya san tun daga nesa, kafin ka hangi ganuwa, rimaye ke fara yi maka maraba. Da audugarsu iyayenmu suka cika katifa da matashi. Yau tsofaffin suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu ana sarewa don gini, kuma da wuya ka ga ƙarami yana tasowa a madadinsu. Reshen Birni ya tattara iri a ƙarshen hunturu lokacin da 'ya'yan ke fashewa, aka rene su a ledojin fiya wata da muka tsinto, kuma sun fito da kyau. Wahalar ita ce wurin dasawa. Rimi ba bishiyar lungu ba ce, saiwarsa tana iya tayar da katanga, don haka sai makarantu masu fili da gefen maƙabarta. Kaɗan muka samu muka dasa. Wanda ya dasa rimi ba lalle ya sha inuwarsa ba, amma ni dai a cikin duk aikin bana shi ya fi kwanta mini a rai.

Magudanan ruwa

Mun yi yasar kwata a Tudun Wada da Sabon Gari a watan Mayu, kafin ruwa ya kankama, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ke cikin kwatocin nan kowa ya sani: yashi, ledar fiya wata, robar lemo, ƙunzugun yara na zamani, da abin da ba ya faɗuwa a rahoto.

Kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne mu yashe, mu tara a bakin hanya, mu tafi muna jiran motar da za ta kwashe. Ruwa ɗaya in ya sauka, duk ya koma inda ya fito, mutanen layin kuma su ce mun zo mun ɓata musu ƙofar gida. Gaskiyarsu ce. Bana sai da muka tanadi mota sannan muka sa ranar aiki. Ko a nan an yi mana ba daidai ba sau ɗaya: wani direban tifa ya karɓi kuɗin kaiwa bayan gari, ya zagaya ya juye a wani kududdufi. Wani yaro ne ya gani ya zo ya faɗa mana. Tun daga ranar, duk lodin da zai tashi sai ɗan ƙungiya ya zauna a gaban mota.

Wata hanya ta ɓullo wadda ba mu yi tsammani ba. Manoman kewayen gari, har da masu lambu a fadamar Galma, sun daɗe suna ɗibar sharar gari don taki. Abin da ke hana su yanzu leda ce, domin tana shaƙe gona, dabba kuma in ta haɗiye ta sai dai wuƙa. Da muka fara ware leda da kwalba tun a wurin aiki, sai ga masu gona suna zuwa da kansu suna kwashe ragowar, ba mu biya mota ba. 'Yan jari bola kuma suka ɗauki roba da gwangwani da ƙarfe. Leda ce kawai ta rage mana, har yanzu ba mu samu mai sayenta a farashin da zai biya ko kuɗin ɗauka ba. Buhunanta suna nan jibge, kuma ba ma son ƙonawa saboda hayaƙin. Duk mai wata dabara ya kawo.

Darasin bishiya ya sake fitowa a nan. Layin da masu shaguna suka yarda kowa ya riƙe gaban shagonsa, kwatar ta kai har Oktoba tana gudu, ruwan Agusta bai shiga shago ko ɗaya ba. Layin da muka yi wa aiki kyauta muka tafi, kafin wata biyu ya koma gidan jiya. Shawarar kwamiti ita ce baɗi ba za mu shiga layin da mutanensa ba su fito da shebur ɗinsu ba.

Ɗan uwanmu guda ya taka fasasshiyar kwalba a cikin kwata, sai da aka yi masa ɗinki da allurar rigakafin tetanus. Ya warke, alhamdu lillahi. An sayo takalman roba da safar hannu, kuma daga yanzu mai silifa ba zai shiga kwata ba, ko shi ne Shugaba.

Maganar kududdufai ta jawo muhawara mai zafi a taron Satumba, ba a kuma cimma matsaya ba. Wasu na ganin a cike su saboda sauro da yaran da ke faɗawa. Wasu, ni ma ina cikinsu, na ganin ramukan nan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gina gidaje su ne ke karɓar ruwan unguwa in an yi mamako, kuma duk inda aka cike aka yi gini, ruwan gidajen mutane yake komawa. Mun bar maganar sai mun zauna da masu unguwanni da masana.

Reshen mata

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka yi tsada, gidaje da yawa sun ajiye tukunyar gas sun koma gawayi da itace. Ba mu da bakin cewa mace ta daina girki da itace alhali ba mu da abin da za mu ba ta. Abin da iyayenmu mata suka yi shi ne koyar da ginin murhun yumɓu mai rufaffen gefe, wanda ba ya barin iska ta kwashe wuta. Waɗanda suka gwada sun ce itacen da a da ke ƙarewa da wuri yanzu yana ja, hayaƙi ma ya ragu. Wasu murahun sun tsage saboda an yi gaggawar hura wuta kafin su bushe. Uwar ƙungiya ta roƙi a ba reshen nasu kaso tsayayye a kasafi maimakon su riƙa zuwa roƙo duk lokacin da za su yi abu, kuma a ganina tana da gaskiya, domin su suka fi kowa biyan kuɗin wata a kan lokaci.

Sauran ayyuka a taƙaice

Mun yi sharar maƙabartu biyu bayan ɗaukewar ruwa, mun cike kaburburan da suka rufta. Mun kai ziyara asibiti cikin azumi. Jerin masu ba da jini ya yi amfani sau da dama, galibi ga masu haihuwa da tsakar dare, sai dai lambobi da yawa a ciki sun daina shiga, a zo a sabunta. Lokacin rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga ƙananan yara da damina, mambobinmu mata sun raka ma'aikatan lafiya gidajen da ake ɗari-ɗari da su.

Abin da ya shafe mu a cikin gida

Sunaye a dandalin WhatsApp sun ninka waɗanda ke fitowa aiki sau da yawa. Fuskokin da ke zuwa ranar yasar kwata su ne dai na bara. Ranar da aka ce za a raba riguna kuwa, har waɗanda muka ɗauka sun bar gari sun bayyana. Ɗalibanmu na harabobin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da Kongo suna da ƙwazo, amma zamansu yana bin kalandar makaranta ne, in suka kammala sai su tafi da duk abin da suka sani. Ya kamata kowane reshe na can ya samu mazaunin gari ko da mutum biyu a cikin shugabanninsa.

Wani mai neman kujera ya aiko da tayin baro da riguna, da sharaɗin a buga hotonsa a jiki. Kwamiti ya yi godiya ya mayar. Zaɓe na matsowa, irin wannan tayi zai ƙaru, kuma ranar da aka ga hoton wani a bayanmu rabin ƙofofin da ake buɗe mana za su rufe. Haka kuma mun lura in muka ce mu 'yan sa-kai ne, wasu sukan ɗauka 'yan sintiri muke nufi, shi ya sa a takardunmu yanzu muke rubuta masu aikin gayya.

Azumin 2026 zai kama ne bayan tsakiyar Fabrairu, saboda haka kowane reshe ya zagaya masu bishiyoyinsa tun a Janairu, a gyara keji, a ƙara ƙaya, a ga wanda ke buƙatar jarka. Masu tara irin rimi su fara sa ido. Wa'adin shugabannin yanzu zai cika a babban taro mai zuwa, kuma wanda ake bin sa kuɗin wata fiye da shida ba shi da ƙuri'a, don haka a ga Ma'aji kafin ranar. Wanda baron ƙungiya mai jan hannu yake wurinsa tun aikin Sabon Gari, don Allah ya mayar da shi zauren marigayi Baba.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya
Zariya, Disamba 2025