Sanarwa: Zaman Bita Kan Madubin Likita

Assalamu alaikum, ƴan uwa ɗaliban sashen gwaje-gwajen lafiya da ke nan Jidda. Muna sanar da ku cewa zamanmu na ranar Alhamis bayan sallar isha'i zai tsaya ne kan nau'o'in madubin likita, wato maikiroskof, da yadda ake nazarin ƙwayoyin halitta da su.

Za mu fi daɗewa a kan madubi mai aiki da haske, domin shi ne za mu yini a gabansa a wurin aiki. Idan aka haɗa gilashin ido mai ninki 10 da na ƙasa mai ninki 100, aka ɗiga man da ake sawa tsakaninsa da samfurin, ana samun ninki 1000, kuma da haka ne ake gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jinin da aka rina da Giemsa. Sai dai iyakar ƙanƙantar abin da madubin ke iya rarrabewa kusan nanomita 200 ce (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), abin da bai kai haka ba kuwa ba ya fitowa a rarrabe. Wannan batu, a ganina, shi ne ya fi rikita sababbinmu, don suna ɗauka ƙara girma kawai ya wadatar.

Daga nan za mu taɓa madubi mai amfani da ilektiron (ƙananan ƙwayoyin lantarki) maimakon haske, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera a Jamus a 1931. Yana bayyana ƙananan sassan cikin ƙwaya dalla-dalla, amma ba a duba ƙwaya mai rai da shi, saboda ana zuƙe iskar cikinsa.

Kowa ya zo da littafin zanensa da fensir, don za mu zana ƙwayar fatar albasa.