Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu amfani da Linux

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Tarukan wata-wata an yi su, mahalarta dai waɗanda kuka sani ne.

Maganar kuɗin ƙungiya kuwa littafi na nan kowa ya duba, ni wallahi na gaji da bin mutane a WhatsApp ana karanta saƙo ana yin shiru. Shi ya sa ba a sayi sabar ta biyu ba, ba wai kwamiti ya yi barci ba ne kamar yadda wasu ke faɗa. Jagorar nan ta Hausa ma ta tsaya rabi, wanda ya karɓi aikin ya daina ɗaga waya.

Abin da ya faranta mana rai bana shi ne horon dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kenel, wato zuciyar tsarin Linux. Bayan mun sabunta sabar, duk wanda ya buga dmesg sai ta ce masa "Operation not permitted", nan take aka fara cewa kwamiti ya kulle mutane. Ba mu ba ne fa! Tun daga Ubuntu 20.10 ake saita kernel.dmesg_restrict a kan 1, wato a kulle dmesg ga mai amfani na gama-gari, Debian ma ta riga su, kuma wannan makullin yana nan tun Linux 2.6.37. Dalili shi ne saƙonnin kenel kan fallasa adireshin ƙwaƙwalwarsa, mai kutse kuma abin da yake nema ke nan, don haka sai mai izinin CAP_SYSLOG, wato root (babban mai iko da kwamfutar) ko mai sudo (umarnin aron ikon root).

Ranar ɗaki ya cika, muhawara ta yi zafi. Wasu suka ce a mayar da saitin 0 a /etc/sysctl.d a buɗe makullin kowa ya huta, wasu suka ce a kwamfutarka kai kaɗai ba laifi amma ba a sabar da jama'a ke shiga ba. Aka tsaya kan a sa mutane a rukunin adm (masu izinin karanta bayanan tsarin), su riƙa karanta saƙonnin kenel ta journalctl -k da /var/log/kern.log ba sai da sudo ba, amma sai ka fita ka sake shiga kafin ya kama. A wurin ma wata 'yar uwa ta ga "I/O error" jere a laftof ɗinta, ashe faifan ajiyarta ne ke shirin mutuwa, ta kwashe kayanta tun kafin a tashi.

Sauran da ba a sa a adm ba, kwamiti ya ce sai an ga shaidar biya. Ku turo wa ma'aji kafin taron wata mai zuwa.