A Duba Gidan Sim Kafin a Biya Kuɗin Waya

Assalamu alaikum Edita, don Allah a bani ɗan fili in ja hankalin 'yan uwana matasan Katsina masu rububin iPhone 'yar hannu.

Tun 2022 da iPhone 14 ta fito, duk wadda aka yi wa kasuwar Amurka ba ta da gidan sim kwata-kwata, sai eSIM, wato layin a cikin wayar ake saka shi, ka je ofishin MTN ko Airtel da NIN ɗinka su baka wani code ka ɗauka da kyamara shikenan layi ya hau. To amma wasu 'yan waya sai su kawo wadda aka huda mata gidan sim da hannu, su ce maka ai orijina ce, in ka ƙura ido gefenta zaka ga yankan ma bai daidaita ba, kuma wayar da aka farke haka ruwa kaɗan ya isheta.

Caja kam an huta, daga iPhone 15 ta 2023 sun koma Type-C irin na Android. Amma eSIM ɗin nan ya kamata kamfanonin layi su riƙa bayaninsa da Hausa a rediyo, mutumin Batsari ko Jibiya ina zai ji?

Naku, wani mai karatu,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.