A bi sawun bashi idan ana son fahimtar yadda Turai ta sauya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sharhi, wai Turawa sun ci gaba ne tun ranar da suka jingine addini gefe guda suka rungumi kasuwanci. Masu yabon Turai na faɗin haka, masu kushe ta ma na faɗi, kowa da manufarsa. Tarihin shekarun 1500 zuwa 1700 bai goyi bayan wannan magana ba. Mutanen wancan zamani sun riƙe addininsu da hannu biyu, har suna kashewa ana kashe su a kansa. Abin da ya juya akalar nahiyar shi ne tsadar yaƙi, da damuwar da ta hana kowane sarki barci: wa zai ba shi bashi, kuma da me zai biya.

Ko rikicin Martin Luther, malamin cocin Jamus da ya bijire wa Fafaroma har aka samu ɗarikar Furotesta, da bashi ya faro. Wani ɗan sarauta mai suna Albrecht na Brandenburg ya zama babban bishop na Magdeburg a 1513, sannan a 1514 ya haɗa da kujerar Mainz, duk yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Dokar coci ta hana mutum ɗaya riƙe kujeru irin waɗannan a lokaci guda sai da izinin Fafaroma, izinin kuwa da kuɗi ake samunsa. Albrecht ya ranto kuɗin daga gidan Fugger, attajiran birnin Augsburg. Domin ya samu abin biya, Fafaroma Leo na Goma ya ba shi damar sayar da takardun sassaucin hukuncin zunubi a yankunansa. Rabin kuɗin zai tafi Roma don ginin majami'ar Saint Peter, rabin kuma ya tafi biyan bashin Fugger. Talakan da ya jefa kuɗinsa a akwatin Johann Tetzel, mai wa'azin da ke sayar da takardun, yana ganin ya ceto mahaifinsa daga azaba bai san da wannan rabo ba. Albrecht ɗin nan shi ne Luther ya aika wa batutuwansa 95 na sukar cinikin takardun a ranar 31 ga Oktoba, 1517.

Ba ina cewa Luther ɗan kasuwa ba ne. Damuwarsa ta aƙida ce, kuma da gaske yake yi. Amma shekara ɗari kafin shi Jan Hus, wani malamin coci na Prague, ya faɗi makamancin abin da Luther ya faɗi, aka ƙone shi a Konstanz a 1415. Luther ya tsira ne saboda ya tarar da abubuwan da Hus bai samu ba. Injin ɗab'in da Gutenberg ya ƙera a Mainz wajen 1450 ya riga ya bazu a garuruwan Jamus, ƙasidu masu arha suna isa kasuwanni kafin wasiƙar Roma ta iso. Sarkin Saxony, Frederick, ya ɓoye shi a fadar Wartburg bayan zaman majalisar daula a Worms na 1521 da ya haramta koyarwarsa, inda Luther ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci aka buga a 1522. Sannan shi kansa Sarkin Daula, wato babban sarkin da hakiman Jamus ke ƙarƙashinsa, Charles na Biyar, hannunsa a ɗaure yake. Zaɓensa na 1519 ya ci kimanin fulorin 850,000 wajen sayen masu zaɓe bakwai da muƙarrabansu, Jakob Fugger ne ya ba da fiye da rabi. Ga yaƙi da Faransa, ga rundunar Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya a ƙofar Vienna a 1529. Sarkin da ke neman soja da kuɗi a hannun hakimansa ba ya iya murƙushe su a kan wani malami.

Talakawa sun ɗauka sabuwar koyarwar tasu ce. A 1525 manoma suka rubuta buƙatu goma sha biyu a Memmingen: su zaɓi limamin cocinsu da kansu, a soke ushirin dabbobi, a daina riƙe su kamar bayi a gonakin iyayen gida, a bar su su yi itace da farauta da kamun kifi. Luther ya juya musu baya, sarakuna suka karkashe kimanin mutum 100,000. Daga nan sauyin addini ya koma hannun masu mulki, su kuwa sun ga abin da ke ciki, domin coci ce mai filaye mafi yawa. Gustav Vasa na Suwidin, wanda birnin Lübeck ke bin sa bashin yaƙin da ya kai shi gadon sarauta, ya sa majalisar Västerås ta miƙa masa dukiyar coci a 1527. A Ingila Henry na Takwas ya naɗa kansa shugaban coci a 1534, wazirinsa Thomas Cromwell ya sa aka ƙididdige kuɗin shigar kowace majami'a a 1535, daga 1536 zuwa 1540 aka rufe gidajen 'yan zuhudu fiye da 800. Henry bai iya riƙe filayen ba. Ya sayar da mafi yawansu don yaƙi da Faransa da Scotland, da kuɗin ya ƙare sai ya shiga gauraya tagulla a kuɗin azurfa. Tsabar da a da azurfarta kashi 92.5 cikin ɗari ce, zuwa 1551 a zamanin ɗansa ta faɗo kashi 25. Masu gonakin da suka sayi filayen coci suka zama garkuwar sabon addinin, don kuwa komawa ga Roma na iya nufin a ce su mayar. Jikokinsu ne suka cika majalisar da ta yaƙi Charles na Ɗaya bayan shekara ɗari.

Darasin da ya fi kowanne girma yana Sifaniya. A 1545 aka gano dutsen azurfa na Potosí a ƙasar da yau ake kira Bolibiya, wadda a lokacin take hannun Sifaniya. Da azurfar sama-sama ta ƙare, sai aka koma tace ta da zaiba. Za a niƙe dutsen ya zama gari, a kwaɓa da ruwa da gishiri da zaiba, a yi ta tattakawa har zaibar ta kama azurfar, a wanke lakar ta tafi, a matse curin da ya rage a cikin ƙyalle, sannan a gasa shi zaibar ta tashi ta bar azurfa. Tururin nan guba ne, yana zubar da haƙora yana sa karkarwa. Gwamna Francisco de Toledo ya kafa aikin tilas a shekarun 1570, kowace shekara ana ɗibar kashi ɗaya cikin bakwai na mazan ƙauyukan da aka ware. Sarki yana karɓar kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da aka haƙo, jiragen ruwa su kawo Seville.

Duk da wannan dukiya Philip na Biyu, sarkin Sifaniya, ya dakatar da biyan bashi har sau huɗu: 1557, 1560, 1575 da 1596. Magadansa suka maimaita a 1607, 1627, 1647 da 1652. Dalilin a fili yake. Sojan Sifaniya a Flanders, yankin Beljiyam ta yau, yana son albashinsa kowane wata, jirgin azurfa kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, in ya zo. Sai sarki ya ci bashi na ɗan gajeren lokaci daga 'yan kasuwar Jamus, daga baya na Genoa, da kuɗin ruwa mai yawa, ya jinginar musu da azurfar da ba ta iso ba. Idan bashin ya shaƙe shi sai ya dakatar da biya, ya tilasta musu karɓar takardun bashi na dogon zango masu ƙaramin ruwa waɗanda aka ɗora a kan harajin Castile, babban yankin Sifaniya. Su kuma a karo na gaba su ƙara farashi don gudun irin haka. Dakatarwar 1575 ta katse albashin rundunar Flanders, sojoji suka yi bore, a Nuwamba 1576 suka wawashe Antwerp, birnin kasuwanci mafi arziki a ƙarƙashin sarkin nasu, suka kashe dubban mutane. Cikin 'yan kwanaki lardunan Katolika da na Furotesta suka haɗa kai a Ghent suna neman a kwashe sojojin Sifaniya.

A gefe guda kuma farashin kaya ya yi ta hawa a duk nahiyar, ya ninka wajen sau shida cikin shekara 150. A lissafin shekara-shekara bai fi kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba, amma ga mutanen da aka yanka wa haya da lada tun zamanin kakanni abin ya yi ciwo. Martín de Azpilcueta na jami'ar Salamanca a 1556 da Jean Bodin na Faransa a 1568 sun ɗora laifin a kan yawan azurfa. Sun faɗi gaskiya amma ba duka ba, domin yawan jama'a ma ya ƙaru, hatsi ya fi komai tashi, ladan leburori ya kasa bin sa. Sifaniya ta ƙara wa kanta rauni da hannunta: tsakanin 1609 da 1614 ta kori kimanin mutum 300,000 daga zuriyar Musulmin Andalus da aka tilasta wa shiga Kiristanci. Lardin Valencia ya rasa kusan sulusin mutanensa, ƙwararrun manoman rani, iyayen gidan da suke yi wa noma suka kasa biyan nasu basussukan. Faransa ta tafka irin wannan a 1685 da ta soke dokar Nantes da ta ba 'yan Furotesta 'yancin addini, 'yan Furotesta wajen 200,000 suka fice da sana'o'insu zuwa Holan da Ingila da Brandenburg.

Holan ba ta da ma'adinin azurfa ko ɗaya, amma ta yi shekara tamanin tana yaƙin neman 'yanci da Sifaniya ta kuma yi nasara. Sirrin yana ga wanda ke cin bashin. Majalisun larduna ne ke ranta, su ne ke sa harajin giya da gishiri da hatsi da za a biya da shi, kuma 'yan majalisar da danginsu su ne manyan masu sayen takardun bashin. Wanda zai yanke shawarar ƙin biya shi ne farkon wanda zai yi asara. Saboda haka lardin Holan ya iya rage kuɗin ruwa zuwa kashi 5 a 1640, ya sake ragewa zuwa 4 a 1655. Bayan Antwerp ta faɗa hannun Sifaniya a 1585, 'yan kasuwarta suka kwashe jarinsu zuwa Amsterdam. A 1602 aka kafa kamfanin cinikin Gabashin Indiya da jarin gilda miliyan 6.4, ana saye da sayar da hannun jarinsa. A 1609 aka buɗe bankin musaya na Amsterdam, inda ɗan kasuwa zai zuba tsabar ƙasashe daban-daban, a auna, a rubuta masa darajarta a littafi, ya riƙa biyan abokin cinikinsa ta hanyar sauya suna a littafin ba tare da an ƙirga ko kwabo ba. Wajibi ne a faɗi ɗaya ɓangaren: wannan kamfani ne ya kusa shafe mutanen tsibiran Banda a 1621 don ya mallaki cinikin kayan ƙamshi shi kaɗai, takwaransa na yamma kuma ya ƙwace sansanin Elmina daga Fotugal a 1637 ya tsunduma cikin fataucin bayi. Mai yabon hazaƙar Amsterdam ya sa wannan a lissafi.

Zaman lafiyar addini kuwa gajiya ce ta kawo shi. Sulhun Augsburg na 1555 ya ce kowane hakimi shi zai zaɓa wa ƙasarsa addini, wanda bai yarda ba ya yi ƙaura. Ya amince da Katolika da mabiya Luther kawai, ya bar mabiya Calvin, wani reshen Furotesta, a waje, bai kuma warware rikicin filayen coci ba. Waɗannan giɓi suna cikin abin da ya haifar da yaƙin shekara talatin daga 1618. Sarakuna ba su da kuɗin riƙe rundunonin da suka tara, sai kwamandoji irin su Wallenstein suka riƙa ɗora wa duk yankin da suka sauka nauyin ciyar da soja, aboki ne ko maƙiyi. A Magdeburg kaɗai an hallaka kimanin mutum 20,000 a 1631. A wannan shekarar ce Richelieu, kadinal na cocin Katolika kuma wazirin Faransa, ya ɗauki nauyin biyan sarkin Suwidin ɗan Furotesta kuɗi duk shekara domin ya yaƙi Sarkin Daula ɗan Katolika. Yunwa da annoba da takobi sun ci tsakanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa sulusin mutanen Jamus.

Yarjejeniyar Westphalia ta 1648 ba ta raba addini da mulki ba, kamar yadda ake yawan faɗi. Dabaru ta kawo na hana rikici. An tsayar da 1624 a matsayin shekarar awo, duk wanda ke riƙe da coci ko fili a lokacin shi ke da shi. An shigar da mabiya Calvin. An ce idan batun addini ya taso a majalisar daula ba za a bi rinjayen ƙuri'a ba, ɓangarorin biyu za su zauna daban sannan su daidaita. Fafaroma Innocent na Goma ya yi watsi da sharuɗɗan, sarakunan Katolika suka ci gaba da aiki da su.

Ingila ta bi tata hanyar da jini. Charles na Ɗaya ya yi mulki daga 1629 zuwa 1640 ba tare da majalisa ba, yana karɓar harajin jiragen yaƙi har daga garuruwan da ba su ga teku ba, aka sare kansa a Janairun 1649. Ɗansa Charles na Biyu ya dakatar da biyan masu bin sa bashi a 1672, maƙeran zinariyar Landan da ke aikin banki suka karye. Bayan an kawo William daga Holan a 1688 domin ya hau gadon sarauta, dokar 1689 ta haramta karɓar haraji ko riƙe soja a lokacin zaman lafiya sai da yardar majalisa. A 1694 aka kafa Bankin Ingila, ya ranta wa gwamnati fam miliyan 1.2 a kan kashi 8 cikin ɗari, majalisa ta ware harajin da za a biya ruwan da shi, aka tara kuɗin cikin kwana goma sha biyu. Ƙasar da ta yi wannan tsari tana da cocin gwamnati, sarkinta ne shugaban cocin, kuma ɗan Katolika bai samu damar zama a majalisarta ba sai 1829.

Ina roƙon Edita ya riƙa ba malaman tarihi fili su warware irin waɗannan batutuwa dalla-dalla, musamman yadda azurfar Amurka ta ratsa Turai ta zarce Sin da Indiya, wanda wasiƙa ɗaya ba za ta ɗauka ba.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin tarihi, mai karanta jaridarku